GYAMBON ICCEN TUFFA: A TSARE DASHE TUN DAGA WURIN RENO

Tuffa, wadda ake kira « pom » a kasuwannin Yamai da Maraɗi da Damagaram, daga nesa take zuwa cikin kwali, domin iccenta yana bukatar watannin sanyi mai tsanani kafin ya yi fure. Cikin shekara ta 2022 duniya ta noma tuffa fiye da tan miliyan 90, kusan rabi a ƙasar Sin. Bayan Sin akwai Turkiyya, da Amurka, da Polan, da Indiya. Iyalai masu ɗimbin yawa ne ke ci, suna tufafi, suna biyan kuɗin makarantar ɗiyansu daga wannan icce.

To, akwai wata cuta da ke cin iccen tuffa a ƙasashe masu sanyi da yawan ruwan sama. Da Faransanci ana ce mata « chancre », wato gyambo. Ta fi shekara 100 tana wahalar da masu garaken tuffa, kuma har yanzu babu maganin fesawa da ke warkar da iccen da ta riga ta kama. Wurare biyu ake iya cin ta da yaƙi: wurin renon dashe, da hannun manomi mai haƙurin zagaya garka da wuƙa. Saboda haka hukumar da ta bar manomi da kwalbar magani kawai, ta kuma bar masu sayar da dashe suna yin yadda suka ga dama, ta guje wa aikinta.

MENE NE GYAMBON ICCE?

Wata irin funfuna ce ke kawo cutar, dangin wadda ke fitowa bisa tuwon da ya daɗe ko hatsin da ya sha laima. Masana sun jima suna kiranta Nectria galligena. Yanzu sunanta cikin littattafai Neonectria ditissima. Ana kuma ce wa cutar gyambon Turai, ko da yake ta wuce Turai tuntuni: tana Amurka ta Arewa, da Cile, da Niyu Zilan, da kudancin Burazil.

Farkonta ɗan tabo ne a ɓawon reshe, mai launin ƙasa-ƙasa, wanda ya lotsa ciki kaɗan. Icce ya yi ƙoƙarin rufe raunin da sabon nama, funfuna ta cinye naman, icce ya sake yin wani, ta sake cinyewa. Shi ya sa tsohon gyambo ke da zobe bisa zobe. Abincin icce ta ƙarƙashin ɓawo yake bi, ruwa kuma ta cikin itacen da ke dab da ɓawon. Ranar da gyambo ya kewaye reshe kamar munduwa, duk abin da ke sama da shi sai ya bushe. In a gindin icce ne, iccen gaba ɗaya ya tafi ke nan.

Ɗiyan ma ba su tsira ba. Wasu suna ruɓewa ta wajen ido, wato inda fure ya faɗi, tun suna bisa icce. Wasu kuma sai an tsinke su lafiya lau, sun yi watanni cikin ɗakin sanyi, sa'an nan ruɓar ta bayyana. Cutar ba ta kama ɗan Adam, amma tana raba shi da dukiyarsa.

TA INA TAKE SHIGA?

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hakanan wannan funfuna take. Ba ta iya huda lafiyayyen ɓawo, rauni take biɗa. Iccen tuffa kuwa kowace shekara yana samun rauni iri-iri. A ƙasashen sanyi yana zubar da ganyensa duka lokacin kaka, wajen Oktoba da Nuwamba a Turai, kuma duk ganyen da ya faɗi yana barin ɗan miki a jikin reshe. Manomi yana datse rassa domin icce ya samu haske ya yi ɗiya da kyau, nan ma miki ne. Duk ɗan da aka tsinke yana barin nasa mikin. Ga kuma ƙanƙara, ga gogar waya da igiyar da ake ɗaure icce da su.

Funfunar tana da iri biyu na yaɗuwa. Na farko fari-fari ne, yana fitowa bisa sabon gyambo, ɗigon ruwan sama ke fantsama shi daga reshe zuwa reshe, daga icce zuwa na kusa da shi. Na biyu yana cikin wasu ƴan jajayen ƙwayoyi ƙanana kamar kan allura, waɗanda ke taruwa bisa tsohon gyambo. Wannan iska ke ɗaukarsa, ta tsallake shinge da shi zuwa garkar maƙwabci.

Cikin shekara ta 2011 masana a Niyu Zilan sun bayyana yanayin da cutar ta fi so: watan da ruwa ke sauka fiye da kwana 3 cikin kowane kwana 10, ma'aunin zafi kuma yana tsayawa tsakanin digiri 11 da 16 fiye da awa 8 a yini. Irin wannan yanayi shi ake samu a Ingila, da Irlan, da Holan, da arewacin Jamus, daidai lokacin da ganye ke zuba. Ke nan miki da ruwa da irin cuta suna haɗuwa cikin mako ɗaya.

ABIN DA YA ƘARA MATA ƘARFI

A da, iccen tuffa babba ne, mutum sai da tsani yake hawansa. In gyambo ya kama reshe ɗaya, a sare reshen, icce ya ci gaba da rayuwa shekaru da yawa. Noman zamani ya canza wannan. Ba a shuka tuffa daga ƙwallo, aure ake yi mata: a yanko ido ko ɗan reshe daga iccen da ake so, a haɗa bisa wani gindi. Tashar bincike ta East Malling, a yankin Kent na Ingila, wadda aka buɗe cikin 1913, ita ta tantance gindayen da ke sa icce ya tsaya gajere, ta ba su lambobi. Wanda ya fi shahara shi ne M9. Da irin wannan gindi ana dasa icce 2.000 zuwa 3.000 cikin hekta ɗaya, tsakanin icce da icce kamar mita 1.

Ribar a fili take: gajeren icce yana saurin haihuwa, tsinkarsa ba wuya. Amma gangar jikinsa siririya ce, gyambo ɗaya ya isa ya kewaye ta cikin ɗan lokaci. Itatuwan kuma suna manne da juna, ruwan da ya fantsama daga wannan yana sauka bisa wancan. Yawan takin zamani irin na yuriya yana sa icce ya fitar da rassa masu taushi, waɗanda cutar ta fi so. Ƙasar laka mai riƙe ruwa ita ma tana taimaka mata.

Sa'an nan ga maganar iri. Kasuwa tana son tuffa mai zaƙi da kyan launi irin su Gala da Braeburn, dukansu ƴan asalin Niyu Zilan, dukansu kuwa masu saurin kamuwa da gyambo. Sababbin irin da suka yi suna, Jazz ta Niyu Zilan da Kanzi ta Beljiyom, daga haɗa Gala da Braeburn aka samo su, sun kuwa gaji raunin iyayensu. Manomi bai zaɓi waɗannan iri don son wahala ba. Abin da manyan kantuna ke saye shi yake dasawa.

IYAKAR MAGANIN FESAWA

Ba a ce magani ba shi da amfani ba. Tun da Bafaranshen nan Millardet ya bayyana haɗin jan ƙarfe da farar ƙasa cikin 1885, wanda ake kira haɗin Bordo, masu garake ke fesa magungunan jan ƙarfe bisa itatuwa. Ana fesawa lokacin zubar ganye, sau biyu ko sau uku, domin a rufe mikin kafin irin cuta ya sauka. Akwai kuma wani magani mai suna captan, da man shafawa bisa wurin da aka datse. Duk waɗannan tsari ne na waje. Suna tare ƙofa kafin ɓarawo ya shiga. Funfunar da ta riga ta kai cikin itace, feshi ba ya fitar da ita.

Tsarin ma ba cikakke ba ne. Ganye ba rana ɗaya yake zuba ba, makonni yake ɗauka, ruwan sama kuma yana wanke abin da aka fesa. Bugu da ƙari magungunan suna raguwa. Ƙungiyar Tarayyar Turai ta daina yarda da carbendazim cikin 2014, alhali yana cikin waɗanda suka fi ƙarfi bisa wannan cuta. Tun daga 2019 kuma ta ƙayyade jan ƙarfe: kada ya wuce kilo 28 a hekta cikin shekara 7, domin yana taruwa cikin ƙasa yana cutar da ƙananan halittun da ke gyara ta. Waɗannan dokoki suna da hujjarsu. Sai dai sun nuna cewa wanda ya ɗora begensa duka bisa kwalba, wata rana zai tarda kwalbar babu.

Abin da ya rage shi ne aikin hannu. A zagaya garka icce bayan icce, sau da yawa cikin shekara. Reshen da ya kamu a datse shi ƙasa da gyambon, har sai an wuce inda itacen ya canza launi an kai ga fari mai lafiya. A yi datsa ranar da gari ya bushe. Abin da aka datse a fitar da shi a ƙone, domin reshen da aka bari a ƙasa yana ci gaba da fitar da irin cuta watanni da yawa. Ƙaramin iccen da gyambo ya kama a gindi a tumɓuke shi ba tare da jinkiri ba.

Ko a gabashin Asiya, inda wata funfuna dabam mai suna Valsa mali ke kawo nata gyambon, aikin hannu ne ginshiƙi. A jihar Aomori, wadda ke noma fiye da rabin tuffar Japan, manoma suna kankare ɓawon da ya ruɓe da wuƙa, wasu kuma suna kwaɓa laka su lafta bisa gyambon, su naɗe da leda, su bar shi kamar shekara guda. Ƙasa ce mai manyan masana'antu, amma a nan wuƙa da laka ba su tsufa ba.

CUTAR DA KE ƁOYE CIKIN DASHE

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi. Wurin renon dashe wuri ne na rauni. Ana yanka gindi, ana yanka ido, ana aure, ana tsige ƙananan rassa, ana ciro dashe a ɗaure shi dami-dami. In akwai gyambo bisa uwar iccen da ake yanko ido daga gare ta, ko a wata tsohuwar garka kusa, cutar tana samun ƙofofi dubbai a wuri ɗaya.

Masana a Ingila da Irlan ta Arewa sun bi sawun dashe daga wuraren reno zuwa garake, suka fitar da sakamakon bincikensu cikin 2003. Sun tarar cewa funfunar tana iya shiga dashe tun a wurin reno, ta kwanta shiru har shekara 3 kafin gyambo ya fito. Sun kuma tarar cewa in akwai tsohuwar garka mai cuta kusa, daga can ma sabuwar garka ke kamuwa ƙwarai. Hanyoyin biyu duka gaskiya ne. Amma ta farko ta fi muni ta wani fanni, domin ita ke kai cutar inda ba ta taɓa zuwa ba. Iska tana tsallake shinge, mota da jirgi kuwa suna tsallake ƙasa da teku.

Mai karatu ya auna halin manomin da ya ci bashin banki ya sayi dashe dubbai. Ya duba su ranar saye, ba tabo ko ɗaya. Ya dasa, ya yi ban ruwa, ya sa taki. Shekara ta biyu ko ta uku, lokacin da ya kamata a fara tsinka a fara biyan bashi, sai gindaye su fara buɗewa. In ya koma wurin mai dashe, za a ce masa a garkarsa suka kamu. Ba shi da hanyar tabbatar da akasin haka. Wanda ya fi kowa rauni cikin cinikin shi ke ɗaukar hasarar duka. Irin wannan ciniki, inda mai saye ba ya iya ganin aibin abin da yake saye, shi ne ainihin wurin da ake bukatar hukuma.

TASMANIYA DA BURAZIL

Tasmaniya tsibiri ne a kudancin Ostireliya, wanda ya shahara da noman tuffa. Cikin 1954 aka tabbatar da gyambon Turai a wasu ƴan garake na yankin Spreyton, a arewacin tsibirin. Ma'aikatan gona suka sa wurin a gaba. Ana sarewa, ana ƙonewa, ana komowa dubawa shekara bayan shekara, ko da an daina ganin gyambo. Sai cikin 1991 aka ba da sanarwar cewa cutar ta ƙare. Shekara 37 ke nan. Wasu daga cikin ma'aikatan da suka fara aikin sun bar aiki kafin a gama shi, waɗanda suka gaje su suka ɗora daga inda suka tsaya. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

A Burazil labarin ya sha bamban. Cikin 2002 aka fara ganin cutar a jihar Rio Grande do Sul, a kudancin ƙasar, masana kuma suna danganta shigarta da dashen da aka kawo daga waje. Garaken wannan yanki galibinsu Gala ne da Fuji, yanayin kuwa mai ruwa ne da sanyi. Cutar ta samu wurin zama. Cikin 2013 gwamnati ta kafa tsari na ƙasa baki ɗaya domin tare ta da rage ɓarnarta, tare da ƙa'idoji bisa wuraren reno. Tsarin yana da kyau, amma ya zo bayan cutar ta bazu, sai manoma suka koma zama da ita, suna biyan ƴan ƙwadago su bi layi-layi da almakashi kowace shekara.

SHARI'AR DA TA FAYYACE HANYA

Akwai wata shari'a da ya kamata ma'aikatan hukuma su sani. Tun 1921 Ostireliya ta hana shigo da tuffar Niyu Zilan saboda wata cuta dabam mai ƙone rassa. Daga baya ta ƙara da tsoron gyambon Turai cikin hujjojinta. Cikin 2007 Niyu Zilan ta kai ƙara gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Cikin 2010 aka yanke hukunci cewa Ostireliya ba ta kawo isassun hujjojin ilimi ba game da sharuɗɗan da ta ɗora bisa nunannun ɗiyan tuffa. Cikin 2011 tuffar Niyu Zilan ta fara shiga kasuwar Ostireliya.

Darasin shi ne a san inda haɗari ya fi yawa. Ɗan tuffa ana cinye shi, saura ya tafi juji. Dashe kuwa ana kai shi tsakiyar garka, a ba shi ruwa da taki, a bar shi shekara 15 ko 20 kusa da ƴan'uwansa. Hukumar da ke da ma'aikata kaɗan da kuɗi kaɗan, ta fara tura su inda ake reno da inda ake shigo da dashe.

MASU JA DA WANNAN MAGANA

Wasu za su ce: tun da cutar tana ɓuya, yaya ma'aikaci zai gan ta cikin dashe? Gaskiya ne, ido ba ya ganinta ranar saye. Amma ido yana ganin uwar icce. Yana ganin tsohuwar garka mai gyambo da ke jikin shingen wurin reno. Yana ganin ko ana aure cikin ruwan sama, ko ana barin yankakkun rassa a ƙasa. In kowane damin dashe yana da takarda mai nuna inda aka rene shi da shekarar da aka yi masa aure, to, ranar da garake biyar masu nisa da juna suka kamu, dukansu kuwa daga wuri ɗaya suka saya, an san inda za a nufa. Dakunan bincike na zamani kuma suna iya gano funfunar cikin ɗan guntun itace kafin gyambo ya fito, ko da yake ba a iya gwada kowane dashe.

Wasu za su ce abin da aka yi a Tasmaniya ba ya yiwuwa ko'ina. Wannan ma gaskiya ne. Can cutar ta tsaya a yanki ɗaya na tsibiri. A Turai kuwa funfunar tana zaune bisa wasu itatuwan daji da na shinge, ba mai iya ƙare ta. Amma rashin iya kawar da cuta gaba ɗaya ba hujja ba ce ta sayar wa manomi da ita. Garkar da ta fara da lafiyayyen dashe tana samun shekarunta na farko, lokacin da gangar icce ke siririya, ba tare da gyambo a gindi ba. Waɗannan shekaru su ke raba riba da hasara.

Wasu kuma za su ce a jira masana su fitar da irin da ba ya kamuwa. Ana wannan aiki a Turai da Niyu Zilan, kuma an san wasu iri, kamar Golden Delicious, sun fi wasu juriya. Sai dai fitar da sabon irin tuffa yana cin shekara 15 zuwa 20, bayan haka sai kasuwa ta karɓe shi. Manomin da bashi ke wuyansa bana ba ya iya jiran wannan.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta kuɗi. Dubawa tana da tsada, tumɓuke icce yana da ciwo, dashe mai takarda ya fi tsada. Haka ne. Amma kuɗin nan ana biyansa ko an so ko an ƙi. In ba a biya shi sau ɗaya a wurin reno ba, za a biya shi kowace shekara a cikin garka, da ladan ƴan ƙwadago, da matattun itatuwa, da ruɓaɓɓun ɗiya. Araha ba ta ado.

AIKIN KOWA

Mai renon dashe ya nisanta wurinsa daga tsofaffin garake, ya riƙa duba uwayen itatuwansa, ya ajiye littafin wanda ya sayar wa da ranar da ya sayar.

Manomi ya tambayi asalin dashe kafin ya tambayi farashinsa. Ya zagaya sabuwar garka sau da yawa cikin shekara 3 na farko. Ya koya wa ƴan ƙwadagonsa gane gyambo tun yana ɗan tabo.

Ƙungiyar manoma ta tsaya bisa cewa garka ɗaya da aka yi watsi da ita tana shafar ƙauye duka. Wake ɗaya ke ɓata gari. Dattawan ƙungiya su yi wa mai ita magana, in ya rasa ƙarfi a yi masa gayya.

Hukuma ta rubuta sunayen masu reno, ta aika ma'aikata su duba, ta sa ido bisa dashen da ke ƙetaro iyaka. Yarjejeniyar duniya ta kare tsirrai, wadda aka amince da ita cikin 1951 ƙarƙashin Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta tanadi takardar shaidar lafiyar tsiro domin irin wannan. Amma takarda tana da daraja ne in wanda ya sa hannu ya je ya gani da idonsa. Sa'an nan in hukuma ta umarci manomi ya tumɓuke itatuwansa saboda amfanin jama'a, ta biya shi diyya. In ba diyya, wanda ya ga gyambo zai yi shiru, cutar kuwa shiru take so.

ABIN DA YA SHAFI NIJAR

Zafin Nijar ba ya karɓar wannan funfuna, kamar yadda ba ya karɓar garaken tuffa. Wanda ya sayi tuffa a kasuwa ya ci abinsa hankali kwance. Amma auren icce ya zama sana'a a ƙasar. Ana aurar da mangwaro da lemu, ana aurar da magarya ta ba da manyan ɗiyan nan da ake kira « pomme du Sahel », waɗanda tashar bincike ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta taimaka wajen yaɗa su. Magarya ba tuffa ba ce, kuma kowane icce da nasa cututtuka. Sai dai ƙa'idar ɗaya ce: uwar icce guda tana ba da ido ga ɗaruruwan dashe, in tana da lafiya su gaji lafiya, in tana da cuta su raba ta gari-gari.

Don haka ma'aikacin gona da ya ga ana sauke dashe daga mota a tasha, ya tambayi inda aka rene shi. Mai garkar da zai saya, ya je ya ga uwar iccen da idonsa. Masu garaken tuffa na ƙasashen sanyi sun sayi wannan ilimi da tsada. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya kiyaye garake, ya sa albarka cikin abin da aka dasa.